Malamin lesin, waya, ko tabarmar tsakar gida: wanne zai buɗe wa yaro kan lissafi?

Ranar da aka raba sakamakon zango na biyu, ƙanwata ta shigo gidana da katin ɗanta a hannu, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo min. Yaron yana aji uku na firamare, shekararsa takwas, kuma jan biro ne a gaban lissafi. Ta ce, "Yaya, ki ba ni shawara. Babansa ya ce a ɗauko malamin lesin. Maƙwabciyata ta ce in sa masa manhaja a waya, wai da ita nata yaran suka iya. Ni kuma kin san lissafin nan tun ina makaranta ba ma shiri da shi, balle in koya wa wani."

Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, kuma babu tambayar da iyaye suka fi kawo min kamar wannan. Hanyoyin dai uku ne a gaban yawancinmu: a biya malami, a miƙa wa yaro waya, ko wani a gida ya zauna da shi. Kowacce tana da inda take aiki da inda take cin kuɗi ko lokaci a banza. Amma kafin in ce mata komai sai na kira yaron.

Na rubuta masa 52, a ɗebe 17. Ya sunkuya, ya ɗan ciji biro, ya rubuta 45. Ban ce masa ya yi kuskure ba. Na ture takardar gefe na ce, "In Umma ta ba ka naira 500 ka sayo sukari na 350, nawa mai shago zai ba ka canji?" Ban rufe baki ba ya ce, "Ɗari da hamsin." Uwar ta bi shi da kallo.

Yaron da ya san canjinsa ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya yi a takarda shi ne ya cire ƙaramar lamba daga babba a kowane layi: biyu daga bakwai biyar, ɗaya daga biyar huɗu. Bai san cewa biyar ɗin da ke cikin 52 goma-goma biyar ba ce. Wannan ramin guda shi ya haɗiye masa shekara biyu, kuma duk hanyar da ba za ta gano ramin ta cike shi ba, asarar kuɗi ce ko da an ga tana tafiya. Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a cikin yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke iya lissafin tushe, irin na 'yan ƙananan azuzuwa. Tun a 1985 kuma wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil suka lura da yara 'yan talla da ke buga lissafin ciniki da ka kusan ba kuskure, amma in an rubuta musu lissafin nan dai a takarda sau da yawa sai su faɗi. Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa ko awara a hannun yarinya 'yar shekara tara a tasha ya ga irin wannan da idonsa.

Saboda haka gwajin minti biyar ya kamata ya riga kowace shawara. Nuna wa yaro lambobi ɗai-ɗai ya faɗi sunansu. Nuna masa 16 da 61 ka ga ko zai bambance. Ba shi ɗebewa mai aro, irin wadda na ba ɗan ƙanwata. In ya wuce, ba shi rabawa mai saura. Inda ya tsaya, nan ne ajinsa na gaskiya, ko me aka rubuta a bangon littafinsa. Wannan shi ne tushen tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙirƙiro a Indiya, inda ake raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, a bar zancen shekaru da aji. An kawo tsarin Borno, an kuma gwada shi a Kano daga 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da 'yan aji huɗu zuwa shida, kuma da Hausa aka riƙa koyar da lissafin.

Mu fara da malamin lesin, tunda shi ne ya fi zuwa ran maza. Amfaninsa a fili yake: akwai mutum takamaimai da aka ɗora wa nauyi, yana da lokacin zuwa, ya san manhajar makaranta, kuma iyaye suna samun kwanciyar hankali cewa ana yin wani abu. Sai dai lesin iri-iri ne. Wanda makaranta ke yi bayan an tashi, sau da yawa malamin nan ne dai, da yaran nan, da allon nan, an ƙara awa guda a kan gajiya da yunwa. Yaron da bai gane da safe ba cikin mutum hamsin, da wuya ya gane da azahar cikin mutum arba'in. Na unguwa, wanda ake tara yara a zaure ko gareji, ya fi sauƙin kuɗi, amma za ka tarar da ɗan aji biyu da ɗan aji shida a benci ɗaya. Wanda ke zuwa gida shi ne ya fi tsada, shi ne kuma zai iya yin abin kirki in an dace.

Dacewar ce ke da wuya. Da ni kaina abin ya faru. Wata shekara aiki ya yi min yawa, na ɗauko wa 'yata malami yana zuwa sau uku a mako. Littafin aikin gidanta ya cika da alamar daidai, ina murna. Da jarrabawa ta zo, sakamakon bai motsa ba ko kaɗan. Sai wata rana na tsaya bakin ƙofa ina saurare, na ji yana cewa, "Rubuta shida a nan, ki riƙe ɗaya, sai ki rubuta huɗu." Shi yake lissafin, ita tana riƙe biro. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin mu iyaye da littafin aikin gida muke auna malami, shi kuma ya ba mu abin da muke dubawa. Wata uku na kuɗi da lokacin yarinya suka tafi a haka.

Ga kuma matsalar lokaci. Yaronmu yana dawowa daga boko da rana tsaka, ya ci abinci, la'asar ya nufi Islamiyya, sai dab da magariba ya shigo. In aka cusa lesin bayan isha'i, gyangyaɗi ake biya wa kuɗi. Wanda zai ɗauki malami ya nemi ranakun da Islamiyyar yaron ba ta zama, a wurare da yawa Alhamis da Juma'a, ko safiyar Asabar. A yi karatun a fili inda mutanen gida ke wucewa, kada a rufe yaro ko yarinya a ɗaki da baƙo. A kuma faɗa wa malamin tun ranar farko cewa ba a yarda da bulala ba. Yaron da ake duka a kan lissafi yana koyon kallon fuskar malami ya canki amsa, tunanin lambar kuma ya tsaya cak.

Inda malamin lesin ya cancanci kuɗinsa shi ne daga aji huɗu zuwa sama, lokacin da doguwar rabawa, lambobi masu ɗigo, kaso cikin ɗari da tambayoyin labari da Turanci suka shigo, musamman in ana shirin jarrabawar shiga sakandare. Haka nan in babu kowa a gida da zai iya zama da yaron. Hanyar gane na ƙwarai mai sauƙi ce: ranar farko ka ga me zai fara yi. In ya ce a kawo aikin gida, ka yi hattara. In ya fara gwada yaron don ya san inda ya tsaya, bayan mako biyu kuma ya iya ce maka "matsalarsa aro ce" ko "bai riƙe gidan sau bakwai da na sau takwas ba", to ka riƙe shi da kyau, ka kuma biya shi a kan lokaci.

Waya kuwa, ba zan ce ba ta da amfani ba. Ba ta gajiya, ba ta tsawa, tana faɗa wa yaro nan take ko ya yi daidai, kuma za ta maimaita abu sau ɗari. Akwai na kyauta masu kyau. Khan Academy Kids an yi ta ne don ƙananan yara, da Turanci take. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, wadda ke bin manhajar makarantunmu. Ga yaron da ya riga ya gane abu yana neman atisaye, minti goma a waya ya fi shafi biyu na kwafe daga allo.

Amma ku zauna kusa da ɗan shekara shida ku kalli yatsansa. Amsa uku ce a fuskar wayar. Ya danna ta farko, ta yi ƙara, ya danna ta biyu, tauraro ya fito, ya yi tsalle. Ya ci wasan, lissafin yana nan inda yake. Waya ba za ta tambaye shi yadda aka yi ya samu 45 ba. Muryar da ke ciki ma sau da yawa Turancin Amurka take yi, wanda ko malaminsa ba haka yake furtawa ba. Sannan ga data, ga caji, ga shi a gidaje da yawa babbar wayar guda ce kuma tana aljihun maigida har dare. In uwa ta juya ta duba tukunya, kafin ta dawo yaro ya bar lissafi ya faɗa YouTube. Ga 'yan ƙasa da shekara biyar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada zaman kallon waya ko talabijin ya wuce musu awa guda a yini, in ya gaza haka ma ya fi.

Abin da ya fi burge ni game da waya daga Botswana ya fito. A 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, wata ƙungiya ta riƙa aika wa iyaye 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako, wasu gidajen kuma a ƙara musu da kira na kamar minti ashirin, malami yana magana da yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Gidajen da aka haɗa wa saƙo da kira ne aka ga yaransu sun ci gaba sosai. Saƙon shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Ƙaramar waya mai madannai ta isa wannan aikin. Duk dangin da ke da malami ko ɗalibin kwalejin ilimi a cikinsu suna iya yin haka: kira ɗaya a mako, a sa a lasifika, yaro na da takarda a gabansa.

Saura tabarmar tsakar gida, wadda ƙanwata ta fara cirewa daga lissafi tun kafin ta zauna. A nan nake so in daɗe, domin ga ɗan aji ɗaya zuwa uku ita na fi yarda da ita, kuma ita ce iyaye mata suka fi raina kansu a kai.

Na ce ta ɗauko tsohuwar tsintsiya. Muka kakkarya tsinkayen daidai tsawon yatsa, yaron ya riƙa ƙirga goma-goma yana ɗaurewa da roba. Na ce ya ajiye min 52. Ya jera ɗauri biyar da tsinke biyu. Na ce, "To, ba ni goma sha bakwai." Ya miƙo ɗauri ɗaya, ya kalli tsinke biyun nan, ya kalle ni. "Ba za su kai bakwai ba." Na yi shiru. Can sai ya ce, "In kwance ɗaya?" Ya zare robar, tsinke suka zama goma sha biyu, ya ƙirgo bakwai ya ba ni. Abin da ya rage a gabansa ɗauri uku ne da tsinke biyar. Ya ɗauki takardar ɗazu da kansa ya soke 45. Aron da aka shekara ana faɗa masa a allo, ranar ya kwance shi da hannunsa. Uwar ta ce, "Yaya, ai wannan ko ni zan iya." Haka ne kuwa. Macen da ke raba kuɗin cefane, ta riƙe adashin mata goma a ka, ta san kwano nawa zai kai gidan ƙarshen wata, lissafin aji uku bai fi ƙarfinta ba. Rubutunsa da Turancinsa ne suka tsorata ta.

Harshenmu ma yana taimakon yaro fiye da yadda muke zato. "Goma sha uku" da kanta tana faɗa masa cewa goma ce da uku a kai. Ɗan da aka fara wa da Turanci sai ya haddace "eleven" da "twelve" waɗanda ba sa nuna komai, sannan ya yi ta fama da "thirteen" da "thirty" da kunnensa ke ji kusan iri ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karatu da Faransanci nasu ya fi nauyi, don a can saba'in sittin-da-goma ce, tamanin kuma huɗu-sau-ashirin. Inda Hausa ke ɓoye goma shi ne a ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in, waɗanda muka aro daga Larabci. Maganinsa yana bakin kakanninmu: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. In yaro ya riƙe ɗauri uku ya ce "gomiya uku, wato talatin", ya gama da gurbin lamba. Har "ashirin ba ɗaya" da tsofaffi ke cewa maimakon goma sha tara ɗebewa ce a ɓoye. A Maraɗi ko Damagaram kuwa, inda ake ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya sefa biyar, yaron da ya san dala ashirin sefa ɗari ce yana yawo da gidan biyar a kansa bai sani ba. Ba sabon zance ba ne cewa yaro ya fi kama karatu da harshen da yake mafarki da shi: Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da 'yan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida a Ile-Ife tun daga 1970, kuma yaran ba su zauna baya ba, har a Turancin.

Kayan aiki kuwa suna zube a gida. Kiret ɗin ƙwai layi biyar ne sau shida, talatin ke nan. A juya shi ya zama shida sau biyar, yaro ya ga amsar ba ta sauya ba. Carbi talatin da uku sau uku. Raka'o'in farilla na yini: biyu, huɗu, huɗu, uku, huɗu, a ce ya tara ya samu goma sha bakwai. Ƙosai goma sha huɗu tsakanin yara huɗu, kowa uku, saura biyu, kuma ba za ka taɓa samun yaron da ya manta da saura ba in ƙosai ne. Lemon zaƙi ɗaya ya isa a nuna rabi da kwata. Lido da dara da carafke duk ƙirga ne. Rubu'in awa a yini ya wadatar, bayan la'asar ko kafin a kwanta, in dai kullum ne.

Sai dai ita ma tabarmar tana da ramukanta, kuma ba zan ɓoye su ba. Na farko rashin ɗorewa: a yi kwana uku da zafi, biki ko baƙi su zo, a manta. Na biyu fushi. Uwa ta fi malami saurin hasala, domin ɗanta ne, kuma kalma ɗaya ta "kai dai ba ka ja" tana iya zama a ran yaro shekaru. Haka ma "ni ma ban iya lissafi ba", in ana yawan faɗa a gabansa, musamman 'ya mace, sai ta ɗauka gado ne. In yayye ne za su taimaka, a ja musu kunne kada su faɗi amsa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne a tsaya a tsinke ba a haye takarda ba. Duk abin da yaro ya yi da hannu, a sa shi ya zana shi, sannan ya rubuta shi da lamba a take, in ba haka ba zai zama kamar 'yan tallan nan, gwani a ka, baƙo a takarda. Da ya gane da Hausa kuma sai a ba shi sunan abin da Turanci, tunda da shi za a yi masa jarrabawa: ya san "take away" ɗebewa ce, "altogether" jimla ake nema. Haddar gidajen sau ma dole ce, kuma yaranmu da suka saba da hadda tun suna ƙanana ba ta yi musu wuya. A dai bari sai ya jera murafen lemo ya ga bakwai sau takwas da ido, sannan a riƙa tambayarsa a tsallake, don wanda sai ya faro daga "bakwai sau ɗaya" kafin ya iso bai riƙe ba tukuna.

Da za a tambaye ni a taƙaice wa ya dace da me, ga yadda nake gani. Ɗan aji ɗaya zuwa uku, ko babba da gwajin minti biyar ya nuna yana nan a matakinsu, a fara da gida, kuɗin lesin a saya masa littafin atisaye da abin karyawa mai kyau. Ɗan aji huɗu zuwa shida da tushensa ya zauna amma sabon darasi ke ba shi wuya, a nemo malami, a sa masa ido. Waya a bar ta ta zama ƙari a kan ɗayan biyun nan, da babba a gefe. Gidan da iyaye ba su yi boko ba sam, su ɗauki ɓangaren ƙirga da kuɗi da rabo, su nemi wani ɗan'uwa ko maƙwabci ya riƙa duba rubutun sau ɗaya a mako, ko ta waya ne.

Ƙanwata ta roƙi maigidanta ya ɗaga maganar malami zuwa zango mai zuwa, ya yarda. Bayan mako shida ta kira ni da dare. Ɗebewa mai aro ta zauna, in ji ta, amma sun ci karo da 300 a ɗebe 148, yaron ya ce babu abin da zai ara a wurin sifili. Na ce ta haɗa ɗauri goma ta ɗaure su da tsumma su zama ɗari guda, ta yi irin wannan uku, ta bar shi ya nemi inda zai fara kwancewa. Ta ce tsinken da ke gidan ba zai kai ɗari uku ba, amma gobe in ta fita kasuwa za ta sayo tsintsiya biyu.